AIKIN DA KE SAURA BAYAN ƊORI

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bici, ko ta Minjibir, ya san yadda ƙasar nan ta ke. Gona na manne da gona, gari na hangen gari, ba a barin saura ta huta kamar yadda a ke yi inda fili ya yi yawa. Abin da ke riƙe da gonakin nan taki ne da ƙarfin damtse. Da rani a kai taki cikin mangala bisa jakai, in ruwa ya sauka a yi shuka, a yi noman firi, a yi maimai, duka cikin 'yan watanni kaɗan, gama damina ba ta jiran kowa. Saboda haka manomin da hannunsa ya ƙage a watan Yuni, abincin shekara ne ke neman kuɓuce masa, shi da iyalinsa.

A ɗauka wani magidanci ya faɗo daga bisa ɗorawa, ya karye dab da wuyan hannu. Aka kai shi wurin maɗori, ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, aka rataye hannun a wuya. Bayan mako 6 aka kwance, ƙashi ya haɗu sarai, aka yi ta zuwa barka. Amma ran da ya ɗauki fartanya sai yatsu suka ƙi damƙewa, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, kafaɗa kuma ba ta ɗaguwa, alhali kuwa ba a nan ya karye ba. To, me ya faru?

Kun san guga ta fata. Muddin ana jan ruwa da ita kullum tana da laushi, in aka rataye ta wata biyu sai ta ƙandare. Haka gaɓa ta ke. Kowace gaɓa tana cikin wata 'yar jaka, a cikin jakar kuwa da wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, motsi ne ke watsa shi ko'ina. In motsi ya tsaya sai jakar ta tsuke, jijiyoyi su manne da abin da ke kewaye da su, tsoka kuma ta rame, ƙarfinta ya ragu tun cikin makon farko. Watau ɗori ya yi aikinsa a kan ƙashi, saura aikin tsoka da gaɓa.

Wannan aikin da ke saura ilimi ne mai zaman kansa, shi ne mutanenmu ke kira gashin ƙashi. A 1813 wani mutumin Suwidin, Per Henrik Ling, ya buɗe makaranta a birnin Sitokholm inda a ke koyar da motsa jiki da tausa don magani. Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, ya bar sojoji dubbai da naƙasa, nan ne aikin ya ƙara bunƙasa. Wata ma'aikaciyar jinya ta Ostareliya, Elizabeth Kenny, ta ga ana ɗaure ƙafafun yara masu shan inna wata da watanni har su ƙage, sai ta riƙa gasa musu da tsumma mai ɗumi tana motsa su, a 1940 kuma ta kai dabararta Amurka. A ƙasarmu an fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi, a Ikko, a 1945. Aka buɗe asibitin ƙashi na Dala, a Kano, a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta fara koyar da wannan ilimi a 1966. Ginshiƙansa uku ne, kowannensu kuwa mun san shi a gidajenmu, sai dai sanin lokacinsa da ƙa'idarsa.

Na farko gashi. Ɗumi yana buɗe hanyoyin jini, yana sa tsokar da ta ɗaure ta saki. A tsoma tsumma a ruwan ɗumi, a matse, mai gashin ya fara gwadawa a jikinsa, sa'an nan a ɗora minti 15 zuwa 20. Amma sabon targaɗe ba ya son zafi, gama zafi ƙara masa kumburi ya ke yi. Kwana 2 ko 3 na farko ruwan randa mai sanyi a ke sa masa, a ɗaga ƙafar bisa matashi. Kada kuma a gasa wurin da ba ya ji, kamar jikin mai kuturta, ko ƙafar mai ciwon sukari, ko ɓarin jikin da ya shanye, don zai ƙone bai sani ba.

Na biyu tausa. Duk wanda ya yi tuntuɓe, kafin ya yi tunani hannunsa ya kai wurin yana murzawa. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo bayanin dalili. Suka ce saƙon taɓawa da saƙon ciwo ƙofa ɗaya su ke bi a cikin laka kafin su isa ƙwaƙwalwa, kamar ƙofar gari ran kasuwa, in jakai suka cika ta sai na baya su jira. Murza tana cika ƙofar, ciwo ya ragu. A shafa man kaɗanya ko na gyaɗa, a riƙa turawa a hankali daga yatsu zuwa wajen kafaɗa, don ruwan kumburi ya koma cikin jiki. Nama a ke tausawa, ba a danna sabuwar karaya. In kuwa sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi ga wanda ya daɗe kwance, kada a kuskura a taɓa ta, gama watakila jini ne ya daskare a ciki, in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa.

Na uku motsi, shi ne babbansu. Gashi da tausa share fage su ke yi, motsi ke komo da gaɓa aikinta. Tun hannu na cikin ɗori ya kamata mai karaya ya riƙa dunƙule yatsu yana buɗewa, yana ɗaga kafaɗa sau da yawa kowace rana. Da mutuminmu na ɗorawa ya san haka, da kafaɗarsa ba ta ƙage ba. Bayan an kwance, a bi mataki uku. Da fari wani ya riƙe gaɓar ya motsa masa ita a hankali. Sa'an nan ya motsa da kansa, lafiyayyen hannun na taimakon mai ciwon. Daga ƙarshe ya motsa da ɗan nauyi.

Kayan aikin duk suna cikin gida. Ya tsaya gaban bango ya riƙa hawa da yatsu, a sa alama da gawayi inda ya kai yau, gobe ya nemi wuce ta. A wurga igiya bisa reshen darbejiya, ya kama bakinta biyu, wannan hannu ya ja wancan sama. Ya cusa hannu cikin ƙwaryar gero yana damƙa yana saki. Ya ɗaga ɗan ƙunshin yashi, a riƙa ƙarawa mako mako. Ɗan tsami da ya wuce bayan sa'a guda ba kome, amma ciwon da ya kwana, ko kumburin da ya komo, alama ce an wuce gona da iri. Kada a fizgi gwiwar hannun yaro da ƙarfi, ko a ba shi bokitin ruwa ya ɗauka wai don ta miƙe, gama wannan kan sa ta ƙara ƙagewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Haka kuma ciwon baya, wanda kusan ba mai noma da fartanya ko mai daka da bai san shi ba. A dā likitoci kan ce a kwanta, yanzu an gane doguwar kwanciya ƙara shi ta ke yi. A gasa, a riƙa tafiya kaɗan kaɗan, in za a ɗauki buhu a durƙusa da gwiwa a jawo shi jikin ƙirji. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa a riƙa juya shi bayan kowace sa'a 2 don kada ya yi gyambo, a motsa masa kowace gaɓa kullum, amma kada a ja shi ta hannun da ya shanye.

Akwai inda dabarar gida ta ƙare. In yatsu suka kumbura cikin ɗori, suka yi sanyi, ko suka fara baƙi, ɗauri ya tsananta ke nan, a sassauta nan da nan, a tafi asibiti a ranar, gama ta haka yara da yawa suka rasa hannu. In ƙashi ya huda fata, ko gaɓa ta kumbura tare da zazzaɓi, ko ciwon baya ya zo da rama, ko mutuwar ƙafa, ko kāsa riƙe fitsari, ba a tsaya gashi ba, sai likita. Wanda gaɓarsa ta riga ta ƙage kuwa ya je Dala, ko ɗaya daga manyan asibitocin birni, masu wannan ilimi su duba shi, su nuna masa motsin da ya dace da shi, ya komo gida ya ci gaba.

Mu da za mu watsu cikin garuruwan nan, ba mu zama likitoci ba don mun karanta wannan. Amma yaron da ya komo aji da hannu a rataye, mu ne za mu gan shi kowace safiya. Mu duba yatsunsa, mu sa shi ya motsa su, mu gaya wa mahaifinsa abin da muka sani. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gaɓa ma tun ba ta ƙage ba a ke motsa ta. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.