Ka yi rikodin ɗin sikirin ya ƙi buɗewa? Kada ka goge, ga yadda za ka gyara

Yau ba sharhin fim na zo da shi ba. Wata kunya na sha kwanakin baya a nan Katsina, na ce bari in ba ku labari, don na san da yawanku kun taɓa faɗawa irinta.

Akwai wani abokina da muka tashi tare a wajen Ƙofar Marusa, yana ɗan taɓa waƙa. Ran nan ya hau Instagram kai tsaye daga situdiyo, ya rera sabuwar waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa. Da ya sauka bai ajiye bidiyon ba, ya bi ruwa. Allah ya taimaka ni na danna rikodin ɗin sikirin tun daga farko, minti goma sha ɗaya cif. Wato kwafi ɗaya ne a duniya, kuma a wayata yake. Na tura shi cikin filashi, muka je gidansu bayan Isha'i, an taru a falo har da maƙwabta. Na soka filashi a talabijin, sai ga baƙin allo da rubutun "Unsupported file". Na cire na mayar, haka dai. Umma ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, mi ya hwaru? Ko dai ba ka ɗauka ba?" Wallahi sai da na ji zufa ta keto min.

Na kusa goge shi a zaton ya lalace. Ashe lafiyarsa ƙalau. Talabijin ɗin ce ba ta iya karanta shi ba.

Ambulan daban, rubutu daban

Abin da na gano shi ne, kowane bidiyo abu biyu ne. Ɗauki misalin wasiƙa. Akwai ambulan, akwai rubutun da ke ciki. MP4, MKV, MOV da WebM da kake gani a ƙarshen sunan fayil duk ambulan ne. Rubutun ciki kuwa shi ake kira kodek, wato hanyar da aka bi aka matse hoton don kada ya cinye mimori. Idan ka miƙa wa mutum ambulan ya buɗe ya tarar da ajami alhali boko kawai ya iya, ai laifin ba na wasiƙar ba ne.

Kodek biyu ne suka fi shafar mu. Akwai H.264, wanda ya fito tun 2003, kusan duk wata waya, talabijin da dikoda ta san shi. Sai ƙaninsa H.265, ana kuma ce masa HEVC, wanda ya fito a 2013. Shi ya fi iya matse bidiyo, yana ba da hoto mai kyau da ƙaramin nauyi, shi ya sa sabbin wayoyi ke son sa. iPhone ma tun 2017 kyamararta ta koma kansa. Matsalar ita ce tsofaffin talabijin da ƙananan wayoyi da yawa ba su san shi ba. To nawa bidiyon MP4 ne a waje, HEVC a ciki. Na taɓa kunna shi a saitin manhajar da nake rikodin da ita don in rage cin mimori, na manta.

Fara gano ciwon

Kafin ka kai wa mai gyaran waya, sauke VLC. Kyauta ce, kuma da wuya ka ga bidiyon da ya gagare ta. Idan ta buɗe shi, kwantar da hankalinka, fayil ɗin na da rai. A kwamfuta danna Ctrl da J yayin da yake tafiya, za ta nuna maka kodek ɗin. Ka ga "h264" ko "avc1", tsohon ne. Ka ga "hevc", ka kama ɓarawon.

Idan kallo kawai kake so a wayarka, shi ke nan, ci gaba da VLC. Amma idan talabijin za ka kai, ko za ka tura wa wani mai ƙaramar waya, sai an juya shi.

Yadda ake juyawa

Ni HandBrake na yi amfani da ita a kwamfutar wani yayana. Ita ma kyauta ce. Ka jawo bidiyon ciki, ka zaɓi "Fast 720p30", ka danna fara. Za ta fitar maka da MP4 mai H.264 da sautin AAC, wanda shi ne haɗin da kusan kowace na'ura ke karɓa. Idan ka lura baki na riga murya ko murya na riga baki, abin da rikodin ɗin sikirin ya saba yi saboda gudun hotonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, to ka zaɓi "Constant Framerate" kafin ka fara.

Ba ka da kwamfuta? Ga dabarar talaka. Tura wa kanka bidiyon a WhatsApp, amma a matsayin bidiyo, kada ka tura shi a matsayin fayil. Idan ta hanyar fayil ne, yadda ya shiga haka zai fita da ciwonsa. Idan a matsayin bidiyo ne, WhatsApp kan sake matse shi zuwa irin wanda wayoyi ke ganewa. Hoton zai ɗan rage kyau, kuma dabarar ta fi dacewa da gajeren bidiyo.

Masu rikodin da OBS a kwamfuta, naku kan iya fitowa a MKV. Ba sai kun juya ba, ku shiga "File" ku zaɓi "Remux Recordings". Ambulan kawai za ta canja cikin daƙiƙoƙi, hoton ba zai ragu ba.

Abu ɗaya da ba ya aiki: goge .mkv a sunan fayil ka rubuta .mp4. Na gwada, ɓata lokaci ne. Kuma don Allah kada ka goge na asali sai ka kalli sabon daga farko har ƙarshe.

Inda ba laifin kodek ba ne

Idan VLC ma ta ƙi, ka tuna yadda rikodin ɗin ya ƙare. MP4 yakan rubuta jadawalin abin da ke cikinsa ne a lokacin da ka danna tsayawa. Idan caji ya ƙare ko mimori ya cika ana tsaka da ɗauka, jadawalin bai samu ba, kuma gyaran wannan da wahala. Shi ya sa nake duba caji da sarari kafin in fara, tunda wutar nan ba tabbas gare ta ba.

Idan filashi ya ƙi karɓar babban bidiyo alhali da sarari, wataƙila tsarinsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Rage nauyinsa a HandBrake.

Sai kuma bidiyon da ke buɗewa amma allo baƙi ƙirin. Idan daga manhaja irin Netflix ka ɗauka, su suka toshe da gangan don kare haƙƙin mallaka, ba abin da zai dawo da hoton. A nan ma bari in faɗi gaskiya: shiri irin Labarina ko Izzar So mutane suka kashe kuɗi da gumi suka yi. Naɗe shi kana yaɗawa a guruf-guruf cutarwa ce. Tura wa mutum adireshin, ya kalla a tasharsu.

Don gaba, shiga saitin manhajar rikodin ɗinka ka mayar da kodek H.264. Mai iPhone kuma, don bidiyon kyamara, ya shiga saitin kyamara, ɓangaren "Formats", ya zaɓi "Most Compatible".

Washegari na koma gidan da sabon kwafi, na fara gwadawa ni kaɗai kafin a kira kowa. Ya buɗe. Umma ta kalla sau biyu, a na biyun tana share ido da gefen mayafi, ta ce, "Allah shi yi maku albarka." Yanzu kwafi uku gare mu: wayata, filashi, da wayar mai waƙar.

Wanda nasa ya ƙi har yanzu, ya duba kodek ɗin tukuna kafin ya yanke ƙauna. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.