Incognito ba layar zana ba ce

Wani saƙo yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da abokan aiki kan burauzar da ya kamata mutum ya riƙa shiga intanet da ita. Wanda ya rubuta shi bai sa suna ba, bai kawo hujja ko ɗaya ba, amma ya kammala da umarnin a tura wa kowa.

Biyu daga cikin maganganunsa ba sai an ɓata lokaci a kansu ba. Chrome ba ya cire kuɗi daga asusun banki, kuma zafin waya shi kaɗai ba ya nuna ana leƙen asirin mai ita. Maganar da ke cutarwa ita ce ta uku: wai da zarar ka buɗe Incognito, wato yanayin sirri na Chrome, babu mahalukin da zai san abin da kake yi.

Wannan ƙarya ce. Aikin Incognito a cikin wayar ya tsaya: idan ka rufe shi, ba ya barin jerin shafukan da ka shiga, yana kuma share kukis ɗin da suka ajiye. Ƙaninka da ya ari wayar ba zai ga inda ka je ba, sai dai abin da ka sauke yana nan daram. A waje kuwa, shafin da ka ziyarta yana ganin adireshinka na IP. Kamfanin layinka yana iya sanin sunan shafin, layin kuma a Najeriya ɗaure yake da lambar NIN. Mai Wi-Fi na ofis ko makaranta shi ma yana iya gani. Idan kuwa ka shiga Facebook ko Gmail da sunanka, ai da kanka ka gabatar da kanka.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Ko a Amurka sai da aka maka Google a kotu a 2020 kan cewa yana tattara bayanan masu amfani da Incognito, kuma a 2024 ya amince ya goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara gargaɗin da ke fitowa a shafin Incognito. Amma mai yaɗa wannan magana yana jefa mutane cikin rami. Da ita wani zai shigar da lambar sirrinsa ta banki a shafin bogi hankali kwance, alhali Incognito bai taɓa hana ɗan damfara karɓar abin da aka miƙa masa ba.

Gaskiya ɗaya saƙon ya faɗa: burauzoji ba ɗaya suke ba. Firefox yana toshe kukis masu bin sawu tun 2019 ba sai an umarce shi ba, Brave yana toshe tallace-tallace da masu bin sawu, Safari ma yana da irin wannan kariya. Tor yana bi da zirga-zirgarka ta tashoshi uku don ɓoye adireshinka, sai dai yana da nawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai ɓoye wanda ya shiga asusunsa da sunansa.

Ka sauke burauza daga Play Store ko App Store, ba daga mahaɗin da aka turo maka ba, ka riƙa sabunta ta. Saƙon nan kuma idan ya iso gare ka, ka gaya wa wanda ya turo shi gaskiyar lamarin cikin mutunci, kada ka tura shi gaba.