Wa Ke Da Iko Da Kwamfuta, Mai Ita Ko Mai Waƙa?

Ran 31 ga watan Oktoba na shekarar 2005, wani masanin kwamfuta a ƙasar Amurka mai suna Mark Russinovich ya fito da wani labari wanda ya girgiza kamfanonin faifan waƙa. Shi dai wannan malami yana cikin gwada wata manhaja da suka ƙera don farautar ɓoyayyun abubuwa a kwamfuta, sai ya tarar da wani baƙo ya yi kaka-gida cikin tasa na'urar ba da saninsa ba. Da ya bi sawu, sai sawun ya kai shi ga wani faifan CD na mawaƙan nan Van Zant, wanda ya saya da kuɗinsa, ɗab'in kamfanin Sony BMG.

Kafin a ga laifin kamfanin, ya kamata a san abin da ya kore shi. A zamanin kaset, in aka kwafi waƙa daga wani kaset zuwa wani, murya takan dushe, har kwafi na uku ko na huɗu ya zama ba ya jiyuwa. Amma waƙar da ke cikin CD lambobi ce zalla, saboda haka kwafi na dubu daidai yake da na farko. Da intanet ta bazu, musamman bayan fitowar Napster a 1999, sai mutane suka shiga musayar waƙoƙi kyauta, mawaƙa da kamfanoninsu kuwa suna kallon guminsu yana tafiya a banza. Wannan ne ya sa aka dage wajen ƙera dabarun hana kwafi, waɗanda ake taƙaita sunansu da DRM. Tun a 1998 ma Amurka ta kafa dokar da ta haramta karya irin wannan kwaɗo.

Kwaɗon da Sony BMG ya zaɓa sunansa XCP, wani kamfanin Birtaniya mai suna First 4 Internet ne ya ƙera shi. Da zarar an sa faifan a kwamfuta mai aiki da Windows, sai ya buɗe kansa, ya nuna wata doguwar yarjejeniya. Mai faifai na amincewa, sai manhajar ta kutsa can cikin zuciyar Windows, watau inda ake sarrafa kowane sashe na na'urar. Daga nan ba za a saurari faifan ba sai da manhajar kamfanin, kuma ba za a yi kwafi fiye da 3 ba. Abin da yarjejeniyar ba ta faɗa ba shi ne, manhajar tana rufe idon Windows ga duk wani fayil da sunansa ya fara da "$sys$". Wannan dabara, wadda ake kira rutkit, sana'ar ɓarayin intanet ce. Ba a kuma tanadi hanyar cire ta ba, wanda duk ya goge ta da hannu kuwa yana iya wayar gari ma'ajin faifan kwamfutarsa ya daina aiki.

Da aka tuntuɓi wani babban jami'in kamfanin, Thomas Hesse, a gidan rediyon NPR, sai ya ce wai yawancin mutane ba su ma san mene ne rutkit ba, don haka me zai dame su. Ba a yi mako biyu da tonon asirin ba sai ga ƙwayoyin cutar kwamfuta sun ɓullo da sunaye masu farawa da "$sys$", suna fakewa a bayan labulen da kamfanin ya rataya. Manhajar da aka fitar don cire XCP kuma ta zama gyaran gangar Auzinawa, gama masanan Jami'ar Princeton, Ed Felten da Alex Halderman, sun nuna cewa ta buɗe wata ƙofar da ta fi ta farko haɗari. Daɗin daɗawa, an gano cewa cikin XCP akwai sassan manhajar wasu mutane, irin su LAME, da aka ɗauka ba bisa sharuɗɗan masu ita ba. Mai gadin haƙƙin mallaka ke nan aka kama da kayan wani.

A tsakiyar watan Nuwamba kamfanin ya janye fayafayen daga kasuwa. Kundin waƙa 52 abin ya shafa, an buga kimanin faifai miliyan 4 da dubu 700, an kuwa riga an sayar da wajen miliyan 2 da dubu 100. Kamfanin Microsoft ya sa manhajar cikin jerin miyagun abubuwan da yake sharewa daga Windows. Wani jami'in ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, Stewart Baker, ya tuna wa kamfanoni cewa fasahar tasu ce, amma kwamfutar ba tasu ba ce. Ran 21 ga Nuwamba jihar Texas ta kai ƙara, wasu jihohi suka biyo baya. A watan Janairu na 2007 kamfanin ya yarda da hukumar ciniki ta tarayya cewa zai biya har dala 150 ga duk wanda na'urarsa ta lalace wajen cire manhajar.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Darasin da masana'antar ta ɗauka shi ne, maimakon a laƙa kwaɗo a jikin faifai, gara a gina shi cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar tun daga tushe. Windows Vista, wadda ta fito a watan Janairu na 2007, ta zo da killatacciyar hanya wadda hoto da sauti ke bi a kulle, tana kuma iya rage kyawun hoto ko ta hana shi fita in allon kallo bai cika sharaɗi ba. Wani malamin Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, Peter Gutmann, ya yi suka mai zafi, yana cewa mai saye ne zai ɗauki nauyin tsadar.

A fagen waƙa an sassauta. A watan Fabrairu na 2007 shugaban kamfanin Apple, Steve Jobs, ya yi kira da a bar kulle waƙoƙi, a 2009 kuwa kantin iTunes ya cire kwaɗon daga waƙoƙin da yake sayarwa. Amma a fagen fim da littafi abin sai ƙara ƙarfi ya yi. Google na da Widevine, Apple na da FairPlay, Microsoft na da PlayReady. Shi ya sa fim ɗin da mutum ya sauke daga Netflix zuwa wayarsa ba ya turuwa ga aboki, kuma yana rufewa in kuɗin wata ya ƙare. A 2019 ma, da Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, littattafan da mutane suka saya sun daina buɗuwa, sai kuɗinsu aka mayar musu. Nan gida Nijeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ita ma ta hana karya irin waɗannan makullai.

Babu mai musun cewa mawaƙi da marubuci da mai shirya fim sun cancanci cin guminsu. Amma wanda ya sayi na'ura da kuɗinsa shi ma yana da haƙƙin sanin abin da aka sa masa a ciki, da ikon fitar da shi in ya ga dama. Kafin mai karatu ya danna alamar amincewa, ko ya biya kuɗin waƙa ko littafi a intanet, yana da kyau ya bincika ko saye ya yi, ko kuwa haya ce wadda mai kaya zai iya karɓe abinsa ran da ya so.