Zinariya A Maganin Ciwon Daji: Jini Ne Zai Yanke Hukunci

Jami'o'i da kamfanonin harhaɗa magunguna a Amurka da Turai sun daɗe suna zuba kuɗi wajen gwada sinadarai masu ɗauke da zinariya a kan ciwon daji, amma har yanzu babu ko ɗaya da hukumomi suka amince a sayar domin wannan cuta. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne abin da ke samun maganin da zarar ya shiga jini.

Tun cikin 1929 wani likitan Faransa, Jacques Forestier, ya fara yi wa masu amosanin gaɓɓai allurar zinariya. A 1985 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar auranofin, wadda ake sayarwa da sunan Ridaura, domin wannan ciwo. Daga baya masana suka gano cewa tana toshe wani sinadari da ƙwayoyin daji ke kare kansu da shi.

Sai dai kimanin kashi 25 cikin 100 na zinariyar da aka haɗiya ne ke shiga jini. Daga ciki, kusan kashi 60 na liƙe wa furotin, musamman albumin, sauran kuma jajayen ƙwayoyin jini. Dalili kuwa shi ne zinariya na saurin kama sinadarin farar wuta da ke jikin albumin. A nan maganin ke sauya kama, ƙarfinsa ya ragu kafin ya isa ga ƙari.

Duk da haka, albumin na iya zama abin dako, domin ƙari na yawan zuƙarsa. A kan wannan dabara aka gina Abraxane, maganin daji marar zinariya da aka amince da shi a 2005. A 2010 kamfanin Celgene ya sayi Abraxis mai yin sa a kan dala miliyan 2,900.

Ga masu fataucin zinariya, lissafin a fili yake. Ƙwayar Ridaura mai miligiram 3 ba ta ɗauke da cikakken miligiram ɗaya na zinariya, wato giram guda zai yi ƙwaya fiye da 1,000. Saboda haka ko an dace, farashin zinariya ba zai motsa ba. Ribar za ta tafi ga kamfanin da ya mallaki haƙƙin dabarar kai maganin ga ƙari ba tare da jini ya ɓata shi ba.