BIZA TA AURE: MATA NA BIN MIJI, SHIN MIJI NA IYA BIN MATA?

Jama'a masu karatu, a garuruwanmu in an ɗaura aure, amarya ake kaiwa gidan ango. Ba mu saba ganin an kai ango gidan amarya ba. To amma yau ƙafa ta yi nisa. Akwai matan da aiki ko karatu ya kai su wata ƙasa, suka zauna can, suka samu takardun zama. In irin wannan macce ta auri mutumin wata ƙasa, shin hukuma tana barin mijinta ya zo ya zauna da ita? Wannan tambaya ta tada babbar shari'a a ƙasar Ingila. Ga labarin yadda aka yi.

Mi ne ne biza?

Faspo ƙaramin littafi ne da ƙasarka ke ba ka. Shi ke nuna ko kai ɗan ina ne. Biza kuwa izini ce da wata ƙasa ke ba ka don ka shiga cikinta. Ofishin jakadan ƙasar ake zuwa neman ta. Da can hatimi ne ake bugawa cikin faspo, yanzu wasu ƙasashe cikin kwamfuta suke rubuta ta.

Biza iri-iri ce. Akwai ta ziyara, akwai ta karatu, akwai ta aiki. Akwai kuma ta aure. Ita ce ake ba baƙo ko baƙuwa don su je su zauna da wanda suka aura. In ba a samu wannan biza ba, aure yana nan, amma miji yana gabas, mata tana yamma.

Ƙofa biyu a Ingila

Ingila ta mulki ƙasashe da yawa, kamar Indiya, Pakistan, Najeriya da Gana. Bayan yaƙin duniya na biyu ta bukaci ma'aikata. Mutanen waɗannan ƙasashe suka tafi can aiki. Maza ne suka fi yawa a farko. Da suka zauna sai suka aika matansu da ɗiyansu su zo. Doka ta yarda da haka.

Amma in macce ce ke zaune Ingila, mijinta yana waje, sai magana ta sake. A shekarar 1969 gwamnati ta rufe wa irin waɗannan maza ƙofa, sai wanda aka ga yana cikin matsi ƙwarai. A 1974 aka buɗe ta. A 1979 Margaret Thatcher ta zama shugabar gwamnati, kuma a watan Maris 1980 aka fito da sabbin ƙa'idodi.

Ga abin da ƙa'idodin 1980 suka shimfiɗa. Namiji da ke da izinin zama na dindindin yana iya kawo matarsa, ko shi ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba ne. Macce kuwa ba ta iya kawo mijinta sai in ita ƴar ƙasa ce, kuma an haife ta a Ingila, ko an haifi uwarta ko ubanta a can. Ko da ta shekara goma tana aiki tana biyan haraji, in ba ta cika wannan sharaɗi ba, mijinta ba shi samun biza.

Mi ya sa aka yi haka? Gwamnati ta ce rashin aiki ya yi yawa. Gaskiya ne, a 1982 marasa aiki a ƙasar sun wuce miliyan 3. Ta ce namiji in ya shigo aiki zai nema, ya tare wa ɗan ƙasa wuri. Macce kuwa, a ganinta, gida za ta zauna.

Kada ku ce matan da ke shigowa sun huta. A farkon 1979 wata jarida ta Ingila mai suna Guardian ta tona cewa a filin jirgin sama na Landan an sa likita ya duba jikin wata macce daga Indiya da ta zo auren saurayinta, wai don a gane ko budurwa ce. Mutane suka yi fushi a Ingila da Indiya, aka hana wannan aiki. Kun ga ke nan: namiji ana zarginsa da neman aiki, macce ana zarginta da ƙarya.

Mata uku sun kai ƙara

Mata uku da ke zaune Ingila bisa doka suka ce ba su yarda ba. Da sunansu aka san wannan shari'a: Abdulaziz, Cabales da Balkandali. Ta farko a Malawi aka haife ta, mijinta yana da faspo na Fotugal. Ta biyu daga Filifin take, ta zo aikin jinya a asibiti, mijinta ɗan ƙasarsu ne. Ta uku a Masar aka haife ta, mijinta Baturke ne. Dukansu an hana mazansu izinin zama.

Suka kai ƙara kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam. Wannan kotu tana garin Sitirasbur, cikin Faransa. Ingila tana cikin ƙasashen da suka sa hannu cewa za su bi hukuncinta.

Ran 28 ga watan Mayu 1985 alƙalai suka yanke hukunci. Hukuncin yana da gefe biyu, ya kamata mu fahimce su sosai.

Gefe na farko: kotu ta ce kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Ba dole ba ne ta karɓi duk wanda ya auri mazaunin cikinta. A nan gwamnati ta yi nasara.

Gefe na biyu: kotu ta ce in ƙasa ta yarda maza su kawo matansu, ba ta da ikon hana mata kawo mazansu, sai in akwai dalili mai nauyi ƙwarai. Alƙalai suka auna dalilin rashin aiki, suka ga bai isa ba. Suka ce matan da ke shigowa, su ma da yawa aiki suke yi. Kuma ba duk namiji baƙo ke neman wani ya ɗauke shi aiki ba, akwai masu buɗe nasu kanti ko tasu sana'a, har su ɗauki wasu. Saboda haka kotu ta ce an nuna wa matan nan bambanci don su mata ne. A nan mata suka yi nasara.

Yadda aka daidaita mudu

Ku ɗauka maigida yana auna wa ɗa guda mudu cike, ɗayan rabin mudu. Dattawa suka ce masa ya daidaita. Hanya biyu gare shi. Ko ya cika wa mai rabi, ko ya rage wa mai cike. Gwamnatin Ingila ta yi kaɗan daga ta farko, ta yi da yawa daga ta biyu.

Cikin wannan shekara ta 1985 aka sake ƙa'idodi. Duk maccen da ke da izinin zama ta samu damar neman wa mijinta biza. Amma sharuɗɗa masu tsanani da ake ɗora wa maza baƙi kaɗai, sai aka ɗora su ga mata baƙi su ma. Dole ma'aurata su nuna sun taɓa ganin juna. Dole su nuna suna da gida da abin ci da kansu. Abin da ya fi wuya shi ne: dole baƙo ya tabbatar da cewa ba don shiga Ingila ya yi auren ba.

Ƙaƙa mutum zai nuna abin da ke cikin zuciyarsa? Ma'aikatan biza suna yin tambayoyi, su auna amsa. Auren da iyaye suka haɗa, irin wanda muka sani a nan, shi suka fi zargi. A ganinsu, al'adar mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash ita ce mata ta bi miji. To in miji ya ce zai bi mata, sai su ce Ingila yake so, ba matar ba. Don haka a takarda doka ta zama ɗaya, amma maza aka fi hanawa. Sai a watan Yuni 1997 sabuwar gwamnati ta soke wannan sharaɗi.

Bambanci ya koma cikin aljihu

A watan Yuli 2012 Ingila ta kawo wani sharaɗi. Wanda ke son kawo miji ko mata daga waje, dole ya nuna yana samun fam 18.600 a shekara. A watan Afrilu 2024 aka ƙara kuɗɗin zuwa fam 29.000. Wannan ya wuce miliyan 20 na sefa.

Wannan doka ba ta ce namiji ba, ba ta ce macce ba. Amma a Ingila albashin mata bai kai na maza ba. Mata da yawa rabin yini suke aiki saboda renon ɗiya. Kuma lokacin neman bizar farko ba a lissafa albashin mijin da ke waje, na matar da ke ciki kaɗai ake dubawa. Shi ya sa mata sun fi maza kasa cika wannan sharaɗi. Akwai ɗiyan da ke girma ba su ganin ubansu sai ta wayar salula.

A Afirka fa?

Ba Ingila kaɗai ta yi irin wannan doka ba. A tsibirin Moris, a 1977, an karɓe wa maza baƙi da suka auri ƴan ƙasa ikon zama, aka bar wa mata baƙi nasu. Mata 20 suka kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1981 aka ce an nuna bambanci, a 1983 aka gyara doka.

A Najeriya, sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama ƴar ƙasa. Bai ba baƙon da ya auri ƴar Najeriya irin wannan dama ba. A watan Maris 2022 an nemi majalisar ƙasar ta gyara, ba ta yarda ba.

A nan Nijar, dokar zama ɗan ƙasa ta 1984 ita ma ta fifita namiji. An gyara ta sau biyu a kan wannan. A 1999 uwa ta samu ikon ba ɗiyanta zama ƴan ƙasa, daidai da uba. A watan Nuwamba 2014 aka ce baƙo da baƙuwa duka suna iya neman zama ƴan Nijar ta hanyar aure, in auren ya kai shekara 3 kuma suna zaune cikin ƙasa.

Abin riƙewa

Ƴan uwa, cikin duk waɗannan ƙasashe, abu na farko da ma'aikaci ke tambaya shi ne takardar aure. Sadaki da shaidu da goro sun ɗaura aure a gaban Allah da jama'a, amma ofishin biza takarda yake karantawa. Mu mazauna bakin iyaka, muna aurar da ɗiyanmu ƙetare, muna kuma auro daga can. In an ɗaura aure, a je wurin mai gari ko ofishin magajin gari a rubuta shi da wuri. In an yi jinkiri, sai an je gaban alƙali kafin a samu takarda. Macce ta riƙe tata takarda a hannunta, kamar yadda miji ke riƙe tasa.

Ku tattauna wannan magana a ajinku. In ɗiyarku ce ke zaune wata ƙasa, aka hana mijinta zuwa wurinta, alhali ɗanku an bar shi ya kai matarsa, mi za ku ce?