Kajiji: Yadda Ake Dasa Shi a Gida

Kajiji ciyawa ce ta fadama, danginsu ɗaya da aya da jiji. Karansa dogo ne, kewayayye, mai gaba-gaba, ba shi da ganyen kirki. Amfaninsa yana cikin saiwa, domin ita ce mai ƙanshi. Da ita mata ke haɗa turaren wuta, a kuma sa ta cikin adaka don tufafi su yi ƙanshi. 'Yan koli na sayar da busasshiyarta a Kasuwar Kurmi ta Kano.

A Rogo Ruma da sauran ƙasar Ƙaraye, na taso na tarar ba wanda ke shuka kajiji. Bakin rafi ake zuwa a tono. Amma tun bayan kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, noman rani ya bunƙasa a yankin, shi kuwa manomi in ya shiga fadama, ciyawa yake fara kawarwa. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu koyi dasa shi a gida.

Da saiwa ake dasawa. Idan damina ta kankama, sai a haƙo gindi guda tare da lakarsa, a rarraba shi da wuƙa, kowane yanki da idonsa mai tsiro. A samo tsohuwar randa ko kasko mai zurfi, a cika da laka haɗe da ruɓaɓɓen taki, a binne saiwar kamar zurfin yatsa. A ajiye shi inda rana ke samu. Ni kusa da wurin alwala nake ajiyewa, don kada ruwa ya yanke masa. Lakar ta kasance a jiƙe kullum, amma kada ruwa ya kwanta a kai, saboda sauro. Kada kuma a dasa shi a tsakiyar lambu, domin saiwarsa yaɗo take yi ta mamaye wuri.

Idan karan ya fara bushewa da rani, sai a tone, a wanke saiwar, a shanya a inuwa. A bar wani kashi a cikin randar don iri.

Ina kira ga malamai su jarraba wannan a lambun makaranta, su kuma gayyato dattawan unguwa su nuna wa yara bambancin kajiji da jiji tun yana ɗanye.