Wace Alama Ce Doka Take Karewa? Bayani Ga Masu Man Kaɗe Na Sagnarigu

Tun da aka gama tsintar ƙwarar kaɗanya ta bana wata magana take ta yawo a tsakanin matan da ke dafa man kaɗe a Sagnarigu da Choggu da Kanvili, har ta tsallaka rumfunan kasuwar Aboabo a cikin Tamale, wai akwai waɗansu masu hannu da shuni daga Kudu ko daga ƙetare da ke shirin yi wa sunan man kaɗanya rajista, da sunan rigar fugu, har da na kokon Hausa, ta yadda duk wanda ya ƙara sayar da kaya da waɗannan sunaye sai ya biya su haraji ko kuwa ya gamu da hukuma. Wata dattijuwa da ta shekara fiye da talatin tana wannan sana'a ta tare ni a hanya, hankalinta a tashe, ta ce, “Malam, ashe yanzu har sunan abin da kakanninmu suka bar mana sai da takarda?” Na ce mata, “Iya, kwantar da hankalinki, wannan ba ya cikin abin da doka take ba mutum guda.” Amma da na koma gida na yi nazari, sai na ga amsar da na ba ta rabi ce, domin abin da take tsoro ba zai auku ba, alhali abin da ya kamata ta ji tsoro ba wanda ya taɓa ambata mata shi.

Dokar da ke hukunci a kan wannan mas'ala a Ghana ita ce Dokar Tambarin Kasuwanci ta 2004, mai lamba 664, wadda aka yi wa gyara a 2014 da doka mai lamba 876, kuma ofishin Babban Mai Rajista ne ke riƙe da kundin. Gyaran nan ya buɗe ƙofa ƙwarai, har ya zama tambari yana iya kasancewa kalma, ko sunan mutum, ko zane, ko haruffa, ko adadi, ko launi, ko siffar kaya, ko hoton nan mai walƙiya da ke sauyawa idan an karkata shi, ko sauti, ko gajeren kirari na talla, ko kuwa a haɗa biyu ko uku daga cikinsu. Sai dai duk faɗin ƙofar nan, sharaɗi ɗaya ne ke tsaye a bakinta, wanda kuwa ya fahimce shi ya fahimci dokar baki ɗaya: lalle alamar ta kasance tana iya rarrabe kayan wani ɗan kasuwa daga kayan sauran 'yan kasuwa.

Wanda ya zauna gaban malamin nahawu ya san bambancin ismul jinsi da ismul alam, wato sunan da ke game dukkan abin da ke cikin jinsi ɗaya, kamar “mutum” ko “gari”, da sunan da ke keɓe ɗaya tak, kamar Musa ko Salaga. To, doka ismul alam take karewa. Ka duba ƙofar masallacin Juma'a, inda takalma ɗari biyar iri ɗaya suke zube: wanda ya ɗiga jan fenti a dunduniyar nasa ya yi alama, da an sallame zai gane abinsa, amma wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta “takalmi” a jikin nasa bai yi kome ba, tun da yake kowane ɗaya a wurin takalmi ne. Haka matar da ta ɗaura wa akuyarta tsumma shuɗi a wuya, ko Buzun da ya ɗora wa raƙuminsa lalas ɗin gidansu a cinya, ko ɗan koli da ke yi wa buhunansa zane da shuni kafin a loda su a mota: manufar kowa a cikinsu ita ce idan kaya suka cakuɗe a san na wane ne. Kalmar “man kaɗe” kuwa, ko “kpakahili” da Dagbanci, ba ta nuna na wane ne, iyakarta ta faɗi mene ne a cikin ƙwarya, saboda haka ba ta cika sharaɗin ba, kuma mai rajista ba shi da ikon damƙa ta ga mutum guda ko da ya zo da kuɗi cike da buhu. Hukuncin fugu ke nan a kan riguna, da koko a kan koko, da wake da shinkafa da mutanen Kudu suka ara daga bakinmu suka mayar waakye. Wani kamfani yana iya zuba koko a leda ya rubuta sunansa da zanensa ya yi musu rajista, a kare masa sunan da zanen, kalmar koko kuwa tana nan ta kowa, yadda ruwan rijiyar unguwa yake na kowa ko da wani ya zo da gugansa mai ado.

Daga nan ne ake gane illar sunayen da masu ƙananan sana'o'inmu suka fi ƙauna. Ka ɗauki robar man kaɗe goma a shago, za ka tarar takwas an rubuta musu “tsantsa”, ko “na asali”, ko “mai kyau na Arewa”, da Turanci, a gefe kuma an manna hoton ƙwarar kaɗanya. Waɗannan duka sifa ce ta kaya, sifa kuwa haƙƙin duk wanda kayansa suka siffantu da ita ne ya faɗe ta. Tambari mai ƙarfi shi ne wanda ba shi da wata nasaba da kayan da ke ɗauke da shi. Mece ce dangantakar makulli da sabulu? Babu, amma duk Ghana idan aka ce Key Soap an san sandar sabulun da ake nufi. Mece ce dangantakar kan damisa da batirin tocila, ko tauraro da ɗanɗanon miya? Babu, amma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba takan aiki jikanta ta ce ya sayo Maggi mai tauraro, ba kuwa za a kawo mata wani ta karɓa ba. Maƙerin da ke yanka makullai ba zai iya keɓe hoton makulli ga kansa ba, mai sabulu kuwa ya iya, domin ana yin rajista ne a kan ajin kaya, kuma tsarin da duniya ke bi tun yarjejeniyar birnin Nice ta 1957 ya kai azuzuwa 45 a yau, 34 na haja, 11 na hidima.

Batun sauti ba baƙo ba ne gare mu. A ƙasar Dagbon, inda makaɗan lunsi ke buga wa kowane basarake nasa taken, mutum yana cikin ɗaki zai san wanda ya iso tun bai leƙo ba, wannan kuwa shi ne ainihin abin da doka take nufi da tambarin sauti. Launi ya fi wuya, domin launuka kaɗan ne 'yan kasuwa kuwa ba iyaka, sai mai nema ya nuna cewa jama'a sun riga sun san kayansa da wannan launi.

Akwai kuma alamun da aka haramta ko da suna rarrabewa. Ba a yi wa tutar ƙasa rajista, ko hatimin gwamnati, ko alamar wata ƙungiya ta ƙasashe, sai da izinin hukumar da ke da su, abin da ya samo asali daga yarjejeniyar Paris ta 1883 da gyare-gyarenta; na ambaci wannan ne don na ga da yawa daga cikin matasanmu suna ƙawata kwalinsu da tuta saboda kishin ƙasa, ba su san suna rufe wa kansu ƙofa ba. Ba a karɓar abin da ya saɓa wa ɗa'a da zaman lafiyar jama'a, ko abin da ya yi kama da tambarin da wani ya riga ya yi wa rajista, ko sanannen tambari, har mai saye ya ruɗe. Ba a kuma karɓar alamar da ke yaudarar mutane game da asalin kaya ko irinsu, kamar a rubuta Daboya a jikin rigar da aka saƙa da inji a wata nahiya. Wannan na ƙarshe shi ne algus da fuƙaha'u suka yi ittifaƙi a kan haramcinsa tun kafin a san wani abu wai shi rajista. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar cewa sunan kasuwanci da tambarinsa haƙƙi ne na mai su, mai ƙima ta dukiya, wanda shari'a take kiyayewa kuma bai halatta a yi masa ta'addi ba. Saboda haka mai kwaikwayon kwalin maƙwabcinsa ya sani laifinsa biyu ne, ɗaya a gaban alƙali ɗaya a gaban Ubangiji.

Yanzu ga rabin amsar da ban ba dattijuwar nan ba. Mafi yawan waɗanda na zanta da su, idan ka tambaye su ko sun kare sunan kayansu, sai su ɗauko maka takardar rajistar sunan kasuwanci daga ofishin Mai Rajistar Kamfanoni, ko su nuna maka lambar Hukumar Abinci da Magunguna, wato FDA, a gindin roba, suna masu yaƙinin cewa magana ta ƙare. Takarda ta farko shaida ce cewa gwamnati ta san da wanzuwar kasuwancinka, ta biyu shaida ce cewa an duba kayanka an yarda a sayar, amma ko ɗaya daga cikinsu ba ta mallaka maka tambari ba, kamar yadda takardar haihuwar yaro ba ta zama takardar filin ubansa. Idan wani ya riga ka kai sunan nan da zanen nan kundin tambari, shi ne doka za ta fara saurara, kai kuwa sai ka koma neman mafaka a Dokar Hana Gasa Ta Rashin Adalci ta 2000, ka tara shaidu, ka ɗauki lauya, ka yi ta zarya kotu, abin da ƙungiyar mata masu tukunya goma ba za ta iya ɗauka ba. Rajistar tambari kuwa shekara goma take yi a sabunta, kuma idan aka bar tambari shekara biyar a jere ba a aiki da shi, wani yana iya neman a soke shi.

Kuskure na biyu ya fi shafar fatake. Ana zaton akwai wata doka ta yanki, ta ECOWAS ko ta kasuwar bai ɗaya ta Afirka da hedkwatarta ke Accra, wadda ke sa rajistar Ghana ta bi kaya duk inda suka je. Haƙiƙa rajistar Ghana a kan iyakar Paga take tsayawa. Maƙwabtanmu uku, Burkina Faso da Togo da Kwaddibuwa, tare da Nijar da Mali da Benin da sauransu, ƙasashe 17 ke nan, suna ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, inda rajista ɗaya take game su duka. An sake gyara yarjejeniyar a Bamako a 2015, kuma tun daga farkon 2022 su ma suna karɓar tambarin sauti da na hoto mai motsi. Ghana tana cikin ɗaya ƙungiyar ce, ARIPO, mai mazauni a Harare, amma ba ta shiga yarjejeniyar Banjul ta 1993 da ta shafi tambari ba, saboda haka wannan hanya ba ta biyo ta nan ba. Nijeriya kuwa tana da nata kundin daban, ba ta cikin ko ɗaya. Hanyar da ta rage mai sauƙi ita ce ta tsarin Madrid, wanda Ghana ta shiga a 2008 OAPI kuma a 2015, inda mai rajista a gida zai iya neman a faɗaɗa masa ita zuwa ƙasashen OAPI da takarda guda. Mai kai man kaɗe ko sabulu Wagadugu ko Lome ya san da wannan tun kafin kayansa su yi suna, domin da zarar sun yi suna wani zai riga shi.

Sunan gari kuwa, wanda shi ne abin da matan Sagnarigu suke kishi bisa gaskiya, yana da tasa ƙofar. Nijar ta bi ta OAPI ta kare sunan kilishinta da na albasar Galmi a matsayin alamar asalin wuri, wadda ba ta mutum ɗaya ba ce, ta duk mai sana'ar ce a yankin muddin ya bi ƙa'idojin da aka rubuta. Ghana tana da irin wannan doka tun 2003, mai lamba 659, kuma dokar tambari kanta ta yarda da tambarin haɗin gwiwa, wanda ƙungiya ke riƙewa membobinta su yi aiki da shi. Abin da ke damuna shi ne dokokin nan sun fi shekara ashirin a rubuce da Turancin lauyoyi, alhali waɗanda aka yi su dominsu da Dagbanci da Hausa suke ciniki, kuma gidajen rediyon Tamale suna nan, majalisar Sagnarigu tana nan tun da aka yanke ta daga Tamale a 2012, da jami'an da aikinsu ke nan su taimaki ƙananan sana'o'i. Da an ware sa'a ɗaya a mako ana bayanin wannan da harshen kasuwa, da jita-jitar nan ba ta sami wurin zama ba.

Na koma wurin dattijuwar bayan kwana uku na tarar da ita tana buga ƙulli a babban kwano tare da 'ya'yanta. Na ce, “Iya, sunan man kaɗe ba mai ƙwace muku, amma wane suna kuke rubutawa a robar da kuke aikawa Kumasi?” Ta faɗa mini, suna ne mai daɗi na wata kakarta, da zanen tsuntsu da jikanta ya yi mata, kuma shekara shida ke nan ana saye da shi. Na tambaye ta ko an kai shi kundin tambari. Ta aika aka ɗauko mini takardar FDA.